Jawabi: Bashin da Laftanar Kanar Abu Ali Ya Bar Mana

 

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, Nijeriya takan tuna da sojojinta da suka faɗi a fagen fama. An zaɓi wannan rana domin a ranar ce Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Yau ina so mu ɗauki mutum ɗaya daga cikinsu mu dubi rayuwarsa, wato Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali.

An haife shi a 1980. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja a Jihar Bauci daga 1990 zuwa 1992. Ɗan babban gida ne, amma aikin da ya yi suna a kansa shi ne jagorancin tankokin yaƙi a bakin daga.

Ku tuna da halin da ake ciki a lokacin. A Oktoba 2014 Boko Haram ta ci Mubi, ta kuma mamaye hedkwatar ikilisiyar EYN a Kwarhi. A farkon Janairu 2015 ta faɗa wa Baga, a bakin Tafkin Cadi, ta kashe mutane masu yawa, dubbai suka tsallaka zuwa Cadi. Waɗansunmu a nan sun sauki 'yan gudun hijira a gidajensu, ba sai an ba su labari ba.

A Fabrairu 2015 sojoji suka ƙwato Monguno da Baga. Abu Ali, yana Manjo a lokacin, yana cikin waɗanda suka ja gaba da tankoki. Saboda wannan jaruntaka, a Satumba 2015 Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na lokacin, Janar Tukur Buratai, ya ƙara masa girma zuwa Laftanar Kanar tun kafin lokacinsa ya yi, ya kuma rataya masa anini a Gamboru Ngala, can a fagen daga.

Ranar 4 ga Nuwamba 2016, da dare, 'yan ta'adda suka kai hari Malam Fatori, kusa da iyakar Nijar. Sojoji suka kore su, amma Abu Ali ya rasa ransa tare da waɗansu daga cikin yaransa. Shekarunsa 36. An binne su ranar 7 ga wata a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja.

To, 'yan'uwa, me wannan yake koya mana? Abubuwa uku.

Na fari, Abu Ali Musulmi ne. Sa'ad da ya nufi Baga, bai tambaya ko gidan wa zai ƙwato ba. Sojojin da suke bayansa kuwa sun fito daga kowane addini da kowace kabila. Mu da muka san zafin zama 'yan tsiraru, kada mu yarda bakinmu ya yi nauyi wajen gode masa.

Na biyu, jarumi ba ya yaƙi shi kaɗai. Sunan kanar ya shiga jaridu, amma akwai kurtu da kofur da saje da suka kwanta a rami ɗaya da shugabanninsu, ba wanda ya san sunansu sai iyayensu. Waɗansunsu 'ya'yan ikilisiyoyinmu ne.

Na uku, yabo ba ya biyan kuɗin makaranta. Soja yakan bar mata da ƙananan yara, sau da yawa kuma sai an sha wahalar takardu kafin haƙƙinsa ya fito. Saboda haka ina roƙon dattawa: kowace ikilisiya ta rubuta sunayen gwauraye da marayun sojoji da ke unguwarta, ko namu ne ko ba namu ba. A sa mutum ɗaya mai ilimi ya riƙa raka su ofis. Zumuntar mata ta riƙa ziyartarsu. A keɓe baiko ɗaya a watan Janairu domin karatun yaran. Matasa kuma su riƙa kiran 'yan'uwansu da ke bakin daga, su ji muryar gida.

Allah ya ta'azantar da iyalansu, ya kāre waɗanda suke bakin aiki, ya ba ƙasarmu salama.