Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Game Da Ƙarfafa Sifirin Na Babur

 Wannan jawabi ga hakiman ƙasar Gumel da malamansu ya shafi babur, wanda a yau shi ne dokin manzon hakimi, shi ne jakin manomi, shi ne kuma ya ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Da an sauka daga kwalta a wannan ƙasa sai burji mai gargada ko rairayi mai zurfi, saboda haka masu babura da yawa su kan je wurin makaniki a ƙarfafa musu sifirin. Ya kamata shugabanni su san amfanin wannan gyara da haɗarinsa, domin su faɗakar da talakawansu.

Abubuwa biyu ne ke tsakanin mahayi da ƙasa. Na fari sifirin, watau ƙarfen nan mai murɗi, wanda ya ke ɗaukar nauyi. Na biyu mai ne a cikin bututu, wanda a ke matsa shi ta ƙananan ƙofofi, domin ya hana sifirin yin ta tsalle bayan an wuce rami. Su biyun a haɗe su ne makanikai ke kira shokabsoba. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da bututun gaba mai aiki da mai a shekarar 1935, irin wannan tsari ne kuwa ke gaban Boxer da Jincheng da a ke hawa yanzu. Babban aikinsu shi ne su riƙe taya manne da ƙasa, gama tayar da ta tashi sama ba ta jin birki, ba ta kuma jin juyi.

Sa'ad da aka ɗora buhun gero ko na riɗi za a kai kasuwar Maigatari ran Alhamis, bayan babur ya kan zauna, gaba ya yi sakayau. Daga nan kan babur ba ya biyayya, a kwana ya kan buɗe waje, fitila kuma ta kan haska sama ta bar hanya. In aka sa sifirin mai ƙarfi daidai da kayan, sai babur ya miƙe, nauyi ya koma kan tayar gaba, linzami ya dawo hannun mahayi. Haka nan in aka sabunta man bututun gaba, gaban ba zai nutse da sauri ba lokacin da aka matsa birki. Wannan kuwa babban abu ne a cikin rairayi, inda tayar gaba ta kan kafe ta ka da mutum.

Amma fa akwai gyaran gangar Abzinawa. Sifirin da ya cika tauri, in babu kaya, ya kan sa tayar baya ta riƙa tsalle a kan gargada, ta zame. Wanda ya fi na asali tsawo ya kan ɗaga baya ya sunkuyar da gaba, sai babur ya yi saurin juyawa, amma ya rasa natsuwa, kansa ya riƙa kaɗawa in ana gudu. Ya kan kuma canja ɗaurin sarƙa, sai an sake daidaita ta. Waɗansu har su kan sa mai walda ya ƙara musu shokabsoba biyu, su zama huɗu. To, wannan bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ko ƙashin babur ba. Kayan da suka fi ƙarfin babur jiya, sun fi ƙarfinsa yau.

Ga yadda a ke gane daidai. A tsai da babur, a ɗaga bayansa har sifirin ya saki, a auna daga gindin tayar baya zuwa wani wuri a ƙarƙashin sirdi. Sa'an nan mahayi ya hau da kayan da ya saba ɗauka, a sake aunawa. Lotsawar da aka samu kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na iyakar abin da sifirin ke iya lotsawa. Misali, in iyakarsa santimita 9 ne, to a nemi wajen 3. Shokabsoba da yawa suna da zobe mai matakala a ƙasansu, wanda a ke murɗawa a ƙara matsi ko a rage. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ba sai an kashe kuɗi ba. Lalle ne dama da hagu su kasance a mataki ɗaya, in kuwa za a sake, a sake duka biyu tare. In an ga mai yana tsatsa a jikin bututu, a gyara nan da nan, gama yana iya gangarawa ya shiga birki. A guji na banza don sauƙin kuɗi, araha ba ta ado.

Abin da a ke roƙon hakimai shi ne su fara da baburan ofishinsu, sa'an nan su umurci dagatai da masu unguwa su isar da wannan ga 'yan acaɓa a ranar kasuwa. Malamai kuma su riƙa rubuta ranar da aka yi kowane gyara a littafi. Wanda aka sake wa sifirin ya gwada babur a hankali tukuna, kamar mai hawan sabon doki, kafin ya ɗauki mutum. A kuma tuna musu da hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sawa a farkon shekarar 2009.

Allah ya kiyaye hanya, ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Gumel, amin.