A Duba Waya Bayan An Sabunta Ta



Wayar hannu takan nemi a sabunta manhajarta lokaci-lokaci, kuma ya kamata a yarda, domin ta haka ake toshe kafofin da ɓarayi ke bi. Amma fa sabuntawa takan taɓa saitin da mutum ya saba da shi. A shekarar 2015 kamfanin Apple ya shigo da wani tsari a kunne, wanda ke mayar da iPhone kan data da zarar Wi-Fi ya yi rauni. Masu waya da yawa ba su farga ba sai da kuɗinsu ya tafi. A 2017 kuma maɓallin Wi-Fi na allon gaggawa ya daina kashe shi ɗungum; yanke haɗi kawai yake yi, zuwa ƙarfe 5 na asuba ya dawo.

Saboda haka, ko wayarka Tecno ce ko itel, da an gama sabuntawa ka shiga wurin saiti da kanka. Ka umurci Play Store kada ya sabunta manhajoji sai ta Wi-Fi. Ka kashe Bluetooth in ba ka bukatarsa, gama yana cin batir, ga shi caji ba kyauta ba ne. Mai layi biyu kuwa ya tabbatar wanne ne ke ɗauke da data, kada ɗan kasuwar citta ya isa Kachia yana jiran saƙon banki a layin da babu komi a cikinsa.