Kumburin Jijiyoyin Ƙafa da Hanyoyin Tiyatarsa

Jawabin da ɗaya daga cikinmu, likitan tiyata, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin shirye-shirye ya nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi lafiya, aka kuma ja mini kunne kada in wuce minti 20 saboda abinci na jira. Na zaɓi kumburin jijiyoyin ƙafa domin ciwo ne na masu aikin tsaye da waɗanda shekaru suka fara ja, kuma in aka duba zauren nan, yawancinmu mun shiga ɗaya daga cikin biyun, wasu ma duka biyun. Malamin da ya shekara 35 a gaban allo, da ɗan sanda, da ma'aikaciyar jinya, da mai tsaron shago, da uwar da ta haifi 'ya'ya shida ko bakwai, duk abin ya shafe su. Gado ma yana da hannu a ciki, haka nan ƙiba. Mutane da yawa sun ɗauka ado ne kawai ya ɓaci, sai su saki wando ko zani a kai, har ranar da gyambo ya buɗe a idon sawu.

Bari in fara da tuna mana darasin bayoloji, tare da neman afuwar malaman da suka koyar da shi. Tafiyar jini daga zuciya zuwa ƙafa gangara ce, dawowarsa kuwa hawa ce. Abu biyu ne ke taimaka masa ya hau. Na farko tsokar sha-raɓa, wadda duk takun da mutum ya yi take matse jijiyoyi ta tura jini sama. Na biyu wasu 'yan ƙananan bawul da ke cikin jijiyoyin, irin na tayar keke, masu barin jini ya wuce sama su hana shi komawa ƙasa. Jijiyoyin da ke mayar da jini iri biyu ne. Akwai na can ciki tsakanin tsoka, su ne ke ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na jinin. Akwai kuma na ƙarƙashin fata, waɗanda manyansu biyu ne: doguwa, wadda ta taso daga idon sawu ta ɓangaren ciki ta hau har matsematsi, da gajera, wadda ta bi ta bayan sha-raɓa ta tsaya a bayan gwiwa.

Idan bawul ɗin waɗannan jijiyoyi na ƙarƙashin fata suka saki, sai jini ya riƙa zubowa ƙasa duk lokacin da mutum ya tsaya, ya taru, ya buɗa rassan jijiyar har su fito a murɗe kamar igiya. Saboda haka abin da ido ke gani a sha-raɓa sakamako ne, yoyon galibi yana can sama, a matsematsi ko a bayan gwiwa. Wanda ɗakinsa ke yoyo ya san cewa kwashe ruwa a daɓe ba ya gyara soro. Duk hanyoyin tiyatar da zan ambata manufarsu ɗaya ce, wato a rufe ko a cire jijiyar da ke yoyo, jini ya koma bi ta na ciki masu lafiya.

Ba kowa ne ke bukatar aiki ba. Wanda jijiyoyinsa suka fito amma ba sa damunsa, yawan tafiya da rage ƙiba da ɗaga ƙafa lokacin hutu na iya isarsa. Wanda ya kamata ya ga likitan tiyata shi ne mai jin nauyi da zugi da kumburi a ƙafa, musamman da yamma. Ko wanda fatar kusa da idon sawunsa ta yi duhu, ta yi tauri, tana ƙaiƙayi. Ko wanda jijiyar ta taurare tana zafi. Ko wanda ta taɓa fashewa ta zubar da jini. Ko mai rauni a ƙasan gwiwa da ya wuce mako biyu bai warke ba. Safa mai matse ƙafa tana rage zugi da kumburi muddin ana sanye da ita, amma ba ta gyara bawul, kuma duk wanda ya gwada ta a watan Afrilu ya san haƙurin da take bukata.

Kafin a taɓa ƙafa da wuƙa ko allura, wajibi ne a yi sikanin na jijiyoyi, irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita, mutum yana tsaye. Sikanin ɗin zai nuna inda yoyon yake, da faɗin jijiyar da yadda ta miƙe, sannan mafi muhimmanci, ko jijiyoyin ciki a buɗe suke. In gudan jini ya taɓa toshe na ciki, to ta yiwu ta waje ɗin da ta kumbura ita ce hanyar da ta rage wa jini, cire ta kuwa ƙara wa Barno dawaki ne. Haka nan ana duba jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya, musamman ga masu ciwon suga da masu shan taba, domin matse ƙafar da jini ba ya isarta sosai yana da haɗari. Shawarata ita ce kada kowa ya yarda a yi masa aiki ba tare da wannan bincike ba.

Hanya ta farko ita ce tsohuwar tiyata, ta ɗaurewa da zarewa. Tun zamanin Rumawa ake fama da abin. Marubuci Fulutak ya ba da labarin wani sarkin yaƙinsu mai suna Mariyus, sama da shekara 2,000 da suka wuce, wanda aka yi wa aiki a ƙafa ɗaya babu maganin kashe zafi, ya daure bai yi ko tari ba, amma da aka zo kan ta biyun sai ya ƙi, don a ganinsa amfanin bai kai azabar ba. A wajen 1890 wani likitan Jamus, Trendelenburg, ya bayyana hanyar ɗaure doguwar jijiya a cinya, sannan a 1907 Babcock na Amurka ya fito da wayar da ake zare ta da ita. A yau ana yi wa mutum allurar barci ko ta ƙashin baya, a yi ɗan yanka a matsematsi, a ɗaure jijiyar a inda ta haɗu da ta ciki, a zura waya a cikinta, a zaro ta. Galibi ana tsayawa ne a daidai gwiwa, saboda a ƙasan gwiwa akwai jijiyar ji da ke manne da ita, wadda in aka taɓa ta sai gefen ƙafa ya mutu da ji. Cinya takan yi taruwar jini na ɗan lokaci, kuma yawanci mutum yakan koma aiki bayan mako biyu ko uku.

Hanya ta biyu ita ce ƙona jijiyar daga ciki, wadda ta fara bazuwa daga 1999. Babu yanka. Ana huda jijiyar da allura kusa da gwiwa, a zura wani siririn bututu ana kallo ta sikanin, har bakinsa ya kai kusan santimita 2 kafin mahaɗar da ke matsematsi. Sai a zuba ruwan kashe zafi kewaye da jijiyar, wanda ke kare fata da naman da ke kusa, a kunna na'ura, a riƙa janye bututun sannu a hankali. Zafin yana fitowa ne daga hasken leza ko daga igiyar rediyo, wadda ke kaiwa digiri 120. Jijiyar sai ta tsuke ta rufe, jiki ya shanye ta cikin watanni. Mutum yakan taka da ƙafarsa ya koma gida a ranar, kuma cikin kwanaki kaɗan ya koma aiki. A cikin jijiyoyi 10 da aka yi wa haka, fiye da 9 sukan rufe.

Hanya ta uku allurar kumfa ce. Ana gauraya wani magani da iska tsakanin sirinji biyu har ya zama kumfa, dabarar da wani likitan Italiya, Tessari, ya bayyana a 2000. Kumfar tana ture jini, ta ƙone bangon jijiyar, ta rufe. Ita ce mafi araha, kuma tana shiga jijiyoyin da suka murɗe da yawa har bututu ba zai wuce ba. Aibinta shi ne jijiyar takan sake buɗewa fiye da sauran hanyoyin, don haka akan maimaita, kuma takan bar duhu a fata.

Hanya ta huɗu gam ne na musamman, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015. Ɗan uwan Super Glue ne, amma ina roƙon injiniyoyinmu kada wani ya gwada na kasuwa. Ana ɗiga shi cikin jijiyar ta bututu, a danna, ta manne. Ba ya bukatar allurai masu yawa, sai dai yana da tsada, kuma jikin wasu ba ya karɓarsa.

Rassan da suka murɗe a sha-raɓa kuwa, ana ciro su da ɗan ƙugiya ta ƙananan huda da ba su wuce milimita 2 ko 3 ba, dabarar wani likitan fata na Suwizalan mai suna Muller. Akan haɗa wannan da ɗaya daga cikin hanyoyin da suka gabata.

To, wacce ta fi? A 2013 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta jera su kamar haka: a fara da ƙonawa, in ba ta dace ba a yi kumfa, in ita ma ba ta dace ba a yi tsohuwar tiyata. Sai dai wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum 798, wanda aka fitar da sakamakonsa na shekara biyar a 2019, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa leza da waɗanda aka yi wa tsohuwar tiyata sun sami sauƙi kusan iri ɗaya, kuma dukkansu sun fi na kumfa. Wannan labari ne mai daɗi a gare mu, domin na'urorin ƙonawa ba su yawaita a asibitocinmu ba, inda suke kuma akwai tsada. Fifikon leza yana wajen saurin murmurewa da ƙarancin ciwo a makonnin farko. Kada wani ya sayar da gona don zuwa Indiya ko Masar alhali akwai ƙwararren likita a asibitin koyarwa da zai yi masa aikin da ya dace.

Yanzu sai gyambo, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Dukkanmu mun san wani dattijo da ya shekara biyar ko goma yana ɗaure ƙafa da tsumma, an gwada turare da rubutu da garin magani, har ya daina shiga sahu saboda kunyar wari. Gyambo yana da dalilai da yawa, har da ciwon suga da sikila da toshewar hanyar da ke kawo jini, amma kaso mai yawa daga yoyon jijiya yake, kuma irin wannan yana warkewa. Wani bincike na 2004 a Ingila, a kan mutum 500, ya nuna cewa cikin shekara guda gyambo ya dawo wa kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ɗauri kawai, amma kashi 12 ne ya dawo wa cikin waɗanda aka haɗa wa da tiyata. A 2018 kuma wani binciken a kan mutum 450 ya nuna cewa in an rufe jijiyar da wuri, matsakaicin lokacin warkewa kwana 56 ne, in an jinkirta kuwa kwana 82.

Kowane aiki yana da haɗarinsa. Akwai taruwar jini, da ruɓar wurin yanka, da mutuwar ji a wani sashe na fata. Mafi muni, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, shi ne gudan jini a jijiyar ciki, wanda ke iya ɓallewa ya tafi huhu. Shi ya sa muke tilasta wa mutum tafiya tun ranar aiki. In sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan take. Haka kuma jijiyoyi sukan sake fitowa bayan shekaru ko da wace hanya aka bi, domin tiyata ba ta canza gado. Mai juna biyu kuwa ba a yi mata aiki, safa da ɗaga ƙafa ne nata, kuma sau da yawa jijiyoyin sukan ragu bayan haihuwa.

Akwai gargaɗi biyu da nake so kowa ya kai gida. Na farko, kada a bari wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a kan jijiyar da ta kumbura da sunan fitar da mataccen jini. Jinin ba matacce ba ne, kuma fatar wurin ba ta saurin warkewa, tsaga guda na iya zama gyambon shekaru. Na biyu, in jijiya ta fashe, jini yakan yi tsartuwa har ya tsorata mutane. A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinsa, a danna wurin da tsumma mai tsabta na minti 10 ba tare da ɗagawa ba, a ɗaure, a kai shi asibiti. Barinsa a tsaye ko a zaune ƙafa na reto shi ne ke jawo asarar rai.

Daga ƙarshe, duk wanda zai ga likita ya tambaye shi abu huɗu: ina yoyon yake, jijiyoyin ciki a buɗe suke, me ya sa wannan hanya ta fi dacewa da ni, kuma sau nawa ka yi irin wannan aiki? Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Sannan ina roƙon 'yan uwa, in mun je gaishe da malamanmu da suka yi ritaya, mu lura da ƙafafunsu. Tsayuwar da suka yi dominmu ce, kuma kuɗin sikanin bai fi ƙarfin ɗayanmu ba.

Iyayenmu malamai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya.