Kowala da Tafin Ƙafarta



Yau hirarmu za ta kai mu nesa, ƙasar Ostiraliya. Can ne asalin itacen turare, wanda kuke gani an shuka a garuruwanmu. Bisa wannan itace wata dabba take zama, sunanta kowala. Nauyinta daga kilo 4 zuwa 15 ne. Ganyen turare shi ne abincinta.

Gashinta mai kauri ne, ruwan sama ba ya ratsa shi da sauƙi. Na gindinta ya fi cika, shi ne matashinta in ta zauna kan reshe.

To, amma ku dubi hannunta. Yatsa 5 gare ta. Biyu suna fuskantar uku, kamar awartakin maƙeri. In ta kama reshe, ta kama ke nan. A ƙafar baya, yatsu biyu a manne suke, da su take taje gashinta. Fatar tafinta kuwa mai kaushi ce, don kada ta zame. Har zanen yatsa gare ta, irin wanda mutum yake dangwalawa a takarda kafin ya iya sa hannu.

A shekarar 2019 zuwa 2020 gobarar daji ta ci ƙasar. Kowala da yawa sun mutu. Wasu sun tsira, amma tafinsu ya ƙone. Wadda tafinta ya ƙone ba ta hawa itace. Wadda ba ta hau ba, ba ta ci ba. Likitocin dabbobi suka riƙa wanke ciwon, suna shafa magani, suna ɗaurewa, sati da sati.

Manomi ma da ƙafarsa yake ci. Duk da haka, mun fi kula da ƙafar jaki bisa ga tamu.

Da hunturu diddige yana bushewa, faso ya tsaga shi, wani har jini. Kada ku jira haka. Da dare ku jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi, ku wanke da sabuni. Ku goge kaushin da dutse a hankali. Ban da reza, don Allah! Sannan ku shafa man kaɗanya. Da damina kuwa, ku tsane tsakanin yatsu sosai, don laima ce ke kawo ƙaiƙayi da ɓarewar fata.

In ƙusa ko ƙaya ta soke ku da zurfi, ku wanke, ku tafi asibiti a ranar. Ta irin wannan rauni tetanos yake shiga jiki, kuma akwai allurarsa.

Mai ciwon sukari, da kai nake magana. Ƙafarka tana iya jin rauni ba ka sani ba. Ka duba tafinka kullum, ko ɗanka ya duba maka. Kada ka taka ƙasa ba takalmi, ko da cikin gida ne.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.