BARCI AMANA NE: Jawabi Ga Matasan Makera Kan Abin Ci Da Sha Kafin Kwanciya

Wannan shi ne bayanin jawabin da wani malami, wanda kuma ma'aikacin lafiya ne, ya gabatar wa matasa a Makera da ke ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, inda 'yan uwa daga Kurfi da ƙauyukan kewaye suka halarta.

Bayan ya yi wa Allah Ta'ala godiya ya yi salati ga Manzon rahama (S), Malam ya fara da tambayar mahalarta ko mutum nawa ne a cikinsu suka samu sallar Asuba a jam'i kwana bakwai a jere. Da ya ga hannuwan da aka ɗaga ba su da yawa, sai ya ce ba don ya kunyata kowa ya yi tambayar ba. Ya ce akasarin masu makara ba lalaci ne ke damunsu ba, tun daren jiya suka ɓata asubarsu a teburin mai shayi.

Malam ya ce ya san halin da matasan yankin suke ciki. Wani ya wuni a gonar rani a gefen madatsar ruwan Zobe, wani ya wuni a kan babur tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, wani ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wani kuma ya sha kwana yana sintiri a lokutan da ɓarayin daji suka hana jama'a runtsawa. Ya ce duk waɗannan suna buƙatar barci kamar yadda suke buƙatar abinci, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa baligi na buƙatar awa 7 ko fiye, matashin da bai kai shekara 18 ba kuwa awa 8 zuwa 10. Ya kawo wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997, wanda ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan kurɓi giya. Sai ya ce, ɗan acaɓan da ba zai yarda ya kusanci giya ba, ya kamata ya ji tsoron ɗaukar matar wani da goyonta alhali bai yi barci ba.

Da ya juya kan abin da ke hana barcin, Malam ya ce kafin a nemi abin da zai kawo barci sai an fara korar ɓarawonsa, kuma sunan ɓarawon kafeyin. Wannan sinadari yana cikin ganyen shayi irin su Lipton, da Nescafé, da goro, da lemon kwalba mai launin baƙi, da lemukan gwangwanin nan da ake cewa suna ƙara kuzari. Ya bayyana cewa a tsawon wuni wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa mutum ya ji gyangyaɗi. Kafeyin yakan toshe wurin da adinosin ke zama, sai mutum ya ji garau alhali gajiyar tana nan tana jiransa. Ya ce jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, saboda haka wanda ya sha shayi mai kauri ƙarfe tara na dare, har ƙarfe biyu rabinsa na yawo a jininsa. Ya kuma ambaci wani gwaji da aka buga a Amurka a 2013, inda aka ga cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da an sha shi awa 6 kafin kwanciya, yana rage barci da fiye da awa ɗaya.

Malam ya yi tsokaci na musamman kan shayin Buzaye da matasa ke dafawa a majalisa. Ya ce wasu na ɗauka tun da ganyensa kore ne ba shi da komai, alhali shi ma ganyen shayi ne, ga shi ana zuba shi da yawa a ƙaramar buta ana ta tafasawa. Ya ce bai haramta wa kowa shayi ba, shawararsa ita ce a sha da safe ko da rana, daga La'asar kuma a sallame shi sai gobe.

Game da abin da za a sha a madadinsa, Malam ya ce Allah Ya hore mana ganyaye da kayan ƙamshi da ba su da kafeyin ko kaɗan. Ya lissafa na'ana'a, da citta, da kanumfari, da kirfa, da zoɓo, da kuma furen babunaj da ake samu a shagunan magungunan Musulunci. Ya ce a tafasa ruwa a sauke, a jefa ganyen a rufe na minti biyar zuwa goma, a sa zuma ƙaramin cokali ɗaya, a sha kofi ɗaya kamar awa guda kafin kwanciya. In aka wuce haka fitsari ne zai riƙa tayar da mutum. Ya gargaɗi masu fama da ƙwannafi cewa na'ana'a na iya tayar musu da shi, masu shan maganin hawan jini kuma su tuntuɓi likita kafin su mayar da zoɓo abin sha na kullum, domin shi ma yana ɗan saukar da jini. Ya ƙara da cewa ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

A nan Malam ya ce dole ya faɗi gaskiya, domin amana ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ganyaye da yake maganin barci kamar yadda 'yan talla ke kururutawa a lasifika ranar kasuwa. Ko babunaj ɗin da aka fi bincike a kansa, abin da aka gani taimako ne ɗan kaɗan. Babban amfaninsu shi ne sun maye gurbin abin da ke hana barci, kuma ɗumin kofin da zaman shan sa cikin natsuwa suna sanar da jiki cewa wuni ya ƙare.

Da ya zo kan abinci, Malam ya ce kuskure biyu ake yi. Wani ya kwanta da yunwa tana ƙwaƙular cikinsa, wani kuma ƙarfe goma sha ɗaya ya sa a soya masa Indomie biyu da ƙwai, ko ya sayi tsire da yaji ya ci ya miƙe. Ya ce maiƙo na jinkirta narkewar abinci, in mutum ya kwanta da cikakken ciki ruwan cikin mai tsami yakan taso maƙogwaro. Ya tunatar da hadisin da ya yi umurni da a kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, sannan ya ce a ci tuwon dare bayan Magariba, a bar awa biyu zuwa uku kafin a kwanta.

Wanda kuma yunwa ta taso masa daga baya, in ji Malam, to ya nemi abu mara nauyi: dabino uku da rabin kofin madara mai ɗumi, ko ɗan kindirmo, ko ayaba ɗaya, ko cikin tafin hannu na gyaɗa, ko ƙaramin ludayi biyu zuwa uku na kunun gyaɗa ko fura da nono ba tare da an cika sukari ba. Ya ce nono da gyaɗa da riɗi suna ɗauke da wani sinadari mai suna tiriftofan, wanda jiki ke amfani da shi wajen haɗa melatonin, wato sinadarin da ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Amma ya ce abin da ke cikin kofi ɗaya bai kai ya sumar da kowa ba, aikinsa ya kashe yunwa ya bar ciki lafiya. Masu ciwon sukari kuwa su yi hattara da dabino da zuma.

Malam ya ɗaga murya lokacin da ya iso kan ƙwayoyi. Ya ce an wayi gari yaro zai sha Tramadol da safe don ya yi noma, da dare ya kasa barci, sai ya nemi Diazepam ko maganin tari mai kodin. Ya ce wannan shi ne ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Ya tuna cewa a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Ya bayyana cewa jiki yakan saba da waɗannan ƙwayoyi har ya nemi ƙari, haɗa su kuma na iya tsayar da numfashi mutum yana barci. Ya roƙi wanda ya riga ya saba da su da kada ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai, domin hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ya je asibiti a rage masa a hankali. Sauran 'yan uwa kuma su rufa masa asiri su raka shi.

Ya ci gaba da cewa akwai rashin barcin da ganye ba ya yi masa komai. Wanda ya ga an kashe nasa, ko aka taɓa sace shi, ko yake firgita da ƙarar babur cikin dare, wannan ba raunin imani ba ne, rauni ne a zuci da ke buƙatar addu'a da kuma likita. Haka wanda ya yi wata uku yana kasa barci dare uku ko fiye a mako, da mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa, su je Babban Asibitin Dutsin-Ma ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Daga ƙarshe Malam ya tunatar cewa Manzon Allah (S) ba ya son hira bayan Isha'i, kuma lokacin da Sayyida Fatima (AS) ta koka da wahalar niƙa, tasbihin kwanciya ya koya mata. Ya shawarci matasa da su ajiye waya tun kafin su hau shimfiɗa, su yi alwala, su ɗaura gidan sauro, su kwanta ta ɓangaren dama. Waɗanda aiki ya sa suka kwana ido biyu kuma su rama da ƙailula, a kuma riƙa karɓa-karɓa. Ya ce wanda ya kwanta ƙarfe goma ya tashi ƙarfe biyar ya samu awa bakwai cif, ya kuma samu sahun farko. Ya nemi kowa ya gwada na mako biyu, in an sake haɗuwa zai maimaita tambayar da ya fara da ita.

An rufe zaman da addu'ar Allah Ya ba yankin da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya.