Ƙarfin Zuciya a Wurin Zakarun Damben Boksin: Jawabi ga Samarin Ƙungiya

 

An ba mu magana a kan ƙarfin zuciya, aka kuma nemi mu ɗauko misalai daga zakarun damben boksin na ajin masu nauyi. Wataƙila wani dattijo ya ce a ransa, yau kuma 'yan dambe ne za su koya mana zaman duniya? A yi mana haƙuri. Samarinmu sun fi sauraron labarin waɗannan mutane a kan namu, saboda haka gara mu bi ta inda kunnensu yake.

Bari mu fara da wani bambanci. A dambenmu na gargajiya, irin wanda Shago ya yi suna a cikinsa, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, sai makaɗa su ɗauka. A boksin ba haka ba ne. Idan an kayar da mutum, alƙali zai tsaya a kansa ya ƙirga daga 1 zuwa 10. In ya tashi kafin a kai 10 aka ga yana cikin hankalinsa, sai a ci gaba. Wato an ba shi ɗan lokaci ya yi shawara da zuciyarsa: in tashi in koma wa ƙaton da ya haura kilo 90, wanda yanzun nan ya kwantar da ni, ko in yi kwanciyata tunda kuɗina sun riga sun tabbata? Babu mai horarwar da zai iya yi maka wannan shawara. To, a nan ne ake gane maza.

Ku ɗauki Basta Doglas. Kafin 1990 ba a ɗauke shi a bakin komai ba, domin a 1987 ya taɓa neman kambu, yana cikin yin abin kirki sai ya sare, aka tsayar da wasan a turmi na 10. Aka riƙa cewa yana da jiki amma ba shi da zuciya. A watan Fabrairun 1990 aka haɗa shi da Maik Taisin a birnin Tokiyo na ƙasar Jafan. A lokacin Taisin ya yi wasa 37 ba a taɓa cin sa ba, kuma da yawa daga abokan karawarsa tun kafin a kaɗa ƙararrawa gabansu ya riga ya faɗi. Saura kwana 23 a yi wasan mahaifiyar Doglas ta rasu. Aka zaci zai janye, bai janye ba. Ya shiga ya riƙa dukan Taisin daga nesa turmi bayan turmi, har zuwa ƙarshen turmi na 8 inda Taisin ya ɗaga shi da wani naushi a haɓa, ya zube. Alƙali ya kai 9 kafin ya miƙe. A turmi na 10 shi ne ya kwantar da Taisin, aka ga zakaran duniya yana rarrafe yana laluben robar bakinsa a ƙasa.

Amma fa ku ji ƙarshen labarin. Bayan wata 8 kacal, Doglas ɗin nan ya zo kare kambunsa a gaban Ibanda Holifil, ya zo da ƙiba, ya ƙara kusan kilo 7. A turmi na 3 aka kayar da shi, ya kwanta har aka ƙirga 10. Mutum ɗaya ne, jiki ɗaya, shekara ɗaya. A Tokiyo yana da abin da yake yi wa faɗa, da ya samu kuɗi da suna sai abin ya tafi. Ashe ƙarfin zuciya ba gado ba ne da za ka sa a akwati ka kulle. Wanda bai ci gaba da kiwonsa ba, wata rana zai neme shi ya rasa.

Shi kuwa Taisin, nasa darasin daban ne, kuma shi muka fi so samari su riƙe. Ya zama zakara a 1986 yana ɗan shekara 20, babu wanda ya taɓa yin haka da ƙarancin shekaru a wannan aji. Makaminsa tsoratarwa ne. Holifil kuwa mutum ne da ba ya tsorata. Ya ci Taisin a 1996, aka sake haɗa su a watan Yunin 1997. Da Taisin ya ga abin ya ƙi, yana kuma kukan ana yi masa karo da kai, sai ya ciji kunnen Holifil a turmi na 3 har ya gutsure wani sashe. Aka kore shi daga wasan, aka ci shi tarar dala miliyan 3, aka ƙwace takardar izininsa. Akwai samarin da har yau suke ganin wannan jarumta ce. Mu dai a wurinmu, ranar ce zuciyarsa ta fi kowace rana rauni, domin ya kasa jure ganin ana cin sa a gaban jama'a, sai ya nemi ƙofar fita.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mu baƙi ne a nan, ko da kuwa kakannin wasunmu a nan aka binne su. A kasuwa, a tasha, a kara, a wajen lodin goro, kullum sai an samu mai faɗa wa yaronmu baƙar magana. Yaron da aka zaga ya zaro wuƙa yana ganin ya nuna shi namiji ne. Alhali kuwa mun sha gani a garuruwa daban-daban, rikicin mutum biyu ya zama na ƙabila, a ƙone rumfunan da iyaye suka yi shekara 30 suna tarawa, a kwashi mata da yara a mota a yi Arewa da su. Wanda ya haddasa abin sau da yawa ma ba a ganin sa. Zafin kai ne wannan, kowane yaro yana da shi kyauta. Haɗiye fushi a gaban mutane ana yi maka dariya, ka kai ƙara wurin Sarki ko shugabannin kasuwa, shi ne mai wuyar, kuma shi ne abin da Taisin ya kasa.

Yanzu mu koma baya ga Muhammad Ali, wanda iyayenmu suka fi sani, wanda ma ya ziyarci Nijeriya a 1964, shekarar da ya fara cin kambu ya kuma bayyana musuluncinsa. A 1967 ya ƙi shiga sojan Amurka lokacin yaƙin Biyetnam. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe, kotu ta yanke masa shekara 5, ko da yake bai shiga kurkuku ba saboda ya ɗaukaka ƙara. Yana ɗan shekara 25 a lokacin, ganiyar ƙarfinsa ke nan. Shekara 3 da rabi bai hau fage ba, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Kalma ɗaya da zai faɗa a mayar masa da komai, ya ƙi faɗa. Wanda ya iya wannan zama, ba abin mamaki ba ne abin da ya yi a Kinshasa.

Ranar 30 ga Oktoba 1974 ne, a ƙasar da ake kira Zayar a wancan lokaci, wajen ƙarfe 4 na asuba. Joj Foman yana ɗan shekara 25, ya yi wasa 40 ba a ci shi ba. Jo Fireza da Ken Noton, waɗanda kowannensu ya taɓa cin Ali, Foman a turmi na 2 ya gama da kowannensu. Ali kuwa shekararsa 32. Masoyansa ma tsoro suke kada a illata shi. Me ya yi? Daga turmi na 2 sai ya jingina da igiya, ya kare fuskarsa, ya bar Foman yana ta jibgar haƙarƙarinsa da hannuwansa. Mutanensa suna ta ihu ya bar jikin igiya, ya ƙi. Ku yi tunani, jama'a. Mutumin da ya fi kowa nauyin hannu a duniya yana dukanka, kai kuma ka yanke shawarar ka tsaya ka sha, kana lissafi, kana jiran numfashinsa ya ƙare, lokaci-lokaci ka saka masa naushi a fuska, ka raɗa masa magana a kunne don ya ƙara fusata. Da ya firgita na minti ɗaya, ko ya fusata ya ce sai ya rama nan take, da an kwashe shi. A turmi na 8 Foman ya gaji tilis, Ali ya fito daga jikin igiya ya kwantar da shi.

Foman bai ji daɗin rayuwa ba bayan wannan. Har ya taɓa dambe da mutum 5 a dare ɗaya a 1975 don ya nuna wa duniya shi ne dai. A 1977 aka sake cin sa, ya bar dambe ya koma wa'azin addininsa, shekara 10. Da ya dawo a 1987 da tumbi da sanƙo, dariya aka yi ta yi masa. A watan Nuwamban 1994, yana ɗan shekara 45, ya kara da Maikel Mura mai shekara 26. An yi turmi 9 yaron yana gaba da maki, fuskar dattijo ta kumbura, amma bai ruɗe ba, yana ta jiran ƙofa ɗaya. A turmi na 10 ta buɗe. Shekara 20 cif bayan Kinshasa ya karɓi kambu, da irin haƙurin da aka ci shi da shi, kuma sanye da gajeren wandon da ya sa a wancan dare.

Na kusa da mu ma akwai. Antoni Joshuwa, wanda asalin gidansu Shagamu ne, an kayar da shi sau 4 a Amurka a watan Yunin 2019, ya rasa kambunansa. Bayan wata 6 ya dawo da su a Saudiyya, ta hanyar tsayawa nesa da ƙin biye wa masu son ganin jini. An ce wasan bai yi daɗin kallo ba. Shi ne dai ya tafi gida da kambu.

Sai dai kada mu yaudare ku, abin nan yana da farashi. A Manila, ranar 1 ga Oktoba 1975, Ali da Fireza sun yi turmi 14 cikin matsanancin zafi, babu wanda ya yarda ya sare. Idanun Fireza sun kumbura, da ƙyar yake gani, amma yana cewa a bar shi ya fita turmi na ƙarshe. Dattijon da ke horar da shi ne ya dafa shi ya ce a'a, ya tsayar da wasan. Fireza ya daɗe yana jin haushin wannan dattijo. Mu kam muna ganin a cikin mutum ukun nan, tsohon ne ya yi abin da ya fi wuya, tunda saura minti 3 kacal, ga duniya tana kallo, ya zaɓi ran yaronsa. Ali bai samu wanda zai iya hana shi ci gaba da dambe ba. Ya ci gaba har 1981, bayan jikinsa ya daɗe da nuna alamun ya isa, kuma a 1984 likitoci suka tabbatar yana da ciwon karkarwar jiki, wanda ya yi fama da shi har rasuwarsa a watan Yunin 2016. Allah ya jiƙansa.

Mun ga ladan ya fara duban agogo, saboda haka nan za mu dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a fara da samarin da ke baya.