Bindigar ƙarƙashin riga da abota a Kara-Kara



Makami ba baƙo ba ne a Kara-Kara. Unguwar da aka kafa a gefen birnin Damagaram domin kutare ta yi suna daga baya da ƙungiyoyin samari, kuma fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna tabon wuƙa da adda a jikin ƴaƴanta. Sai dai adda a fili ake ganin ta. Abin da ke shiga tsakanin abokai shi ne ƙaramar bindigar da ake ɓoyewa a ƙarƙashin riga.

A ɗauki abokai biyu masu shan shayi a fada ɗaya tun ƙuruciya. Na farko ɗan kasuwa ne mai bin hanyar Magariya zuwa Kano da kuɗi a jiki. Hujjarsa ita ce ɗan fashi ba ya jiran jandarma su iso, kuma iyalinsa ne za su shiga uku idan an tare shi. Na biyu ma'aikacin gwamnati ne. Shi a ganinsa doka a fili take: riƙe bindiga sai da izinin hukuma, wanda kuwa aka kama ba shi da takarda, gidan kaso ne makomarsa.

Da saɓanin ra'ayi ne kawai, da shayi ya wanke shi. Matsalar ita ce ɓoyon. Ranar da ma'aikacin ya gano cewa ya shekara yana shiga motar abokinsa, suna wuce shingen jandarma da makami a ciki, ba tsoron harsashi ne zai fara kama shi ba, baƙin cikin an saka shi a haɗari ba da saninsa ba ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan ya yi shiru, aikinsa na kan siraɗi. Idan ya kai rahoto, unguwa ta kira shi maci amana. Ɗan kasuwar shi ma yana da nasa ƙorafin: mai albashi a ofis bai san daren hanya ba.

Masu cewa Damagaram gidan bindiga ce tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya sa aka ƙera igwa a birnin a ƙarni na 19, sun manta cewa waɗancan makaman na sarauta ne, kowa ya san hannun da suke. A kan wannan fahimta aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI a 1994, aka kuma ƙone bindigogin tawaye a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta sake cika Sahel da makamai, tsoron ɗan kasuwa kuwa ba ƙarya ba ne.

Don haka nauyi biyu ne. Hukuma ta tsare hanyoyi, domin rashin tsaro ne ke sayar da bindiga. Wanda kuma ya ga lalle sai ya riƙe, ya nemi izini, ya faɗa wa abokin tafiyarsa tun kafin a tada mota, abokin ya zaɓi shiga ko zama. Wannan haƙƙinsa ne.

Allah ya zaunar da Damagaram lafiya.